Ban Sauke Alhaji Daga Jirgina Ba

Har yau da nake wannan rubutu ban taɓa ganin teku da idona ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Shagari, shi ma daga gaɓa nake tsayawa. Amma shekara uku ke nan ina tuƙa jirgin yaƙi, kuma akwai mutum uku da ke kirana kyaftin.

Karaya ce ta jawo. Ni tela ne a kasuwar Bodinga, na ɗan haura sittin. Wata rana ina dawowa daga Sifawa, keke mai ƙafa uku da na hau ya kauce wa akuya ya kife da mu. Ƙafata ta dama ta karye, wadda nake taka keken ɗinki da ita. Mai ɗori ya ce wata uku ba taka ƙasa. Cikin sati biyu na gaji da rediyo, na gaji da kallon rufin ɗaki, na koma neman rigima da duk wanda ya shigo. 'Yata ta biyu, wadda ke koyarwa a wata firamare cikin Sakkwato, ta zo dubiya, ta ga wahalar da uwarta ke sha da ni, sai ta ajiye mini tsohuwar wayarta mai faɗin fuska.

"Baba, ga wasa nan ciki," in ji ta. "In hwaɗa kaka so, yi da waɗanga, ka bar Inna ta huta."

Jiragen ruwa ne irin na dā, na katako, masu manyan ƙyallaye da iska ke turawa. Kowane jirgi mutum huɗu ke cikinsa, kowa da wayarsa a garinsu, ana jin muryar juna. Mai riƙe da sitiyari shi ne kyaftin. Ɗaya na kan igwa. Ɗaya na kula da ƙyallaye, ya ɗaga, ya sauke, ya juya su su sha iska, kuma shi ne idon jirgi don ya fi kowa hangen nesa. Na huɗu yana can ƙasa, in harsashi ya huda katako ya toshe, ya kwashe ruwa. Wanda jirginsa ya nutse an ci shi.

Da farko wasan ne ke haɗa ni da baƙi. Turancina bai taka kara ya karya ba, ga sabis ɗin unguwarmu mai nawa: in na murɗa sitiyari sai jirgin ya yi kamar bai ji ba, sai can ya juya. Akwai wani wuri da ake dannawa, in mutum uku suka yarda sai su fitar da na huɗu. An fitar da ni har na daina mamaki. Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce ranar da na faɗa cikin wasu samari masu jin Hausa. Na yi murna, na yi musu sallama.

"Baba daga ina?" in ji ɗaya.

Na ce, "Bodinga."

Suka kwashe da dariya. "Baba, a je a ja carbi, a bar mana jirgi." Kafin in buɗe baki na tsinci kaina a waje. Carbin kuwa yana hannuna na hagu a lokacin.

A gida ma ban tsira ba. Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya zo dubiya, ya same ni da waya a hannu, ya ce abin bai dace da furfura ba. Na ce masa salla ba ta taɓa wuce ni saboda shi ba, ba caca ba ce, kuma shekara talatin ina ganinsa gindin darbejiya yana buga dara ban taɓa ce masa komai ba. Bai sake ɗaga maganar ba, ni kuma na ƙudura a raina cewa tunda ba a so na a jirgin kowa, zan haɗa nawa.

Mai waldan da shagonsa ke kallon nawa na fara samu. Magidanci ne ɗan talatin da wani abu, ga ido ga zafin kai, na ba shi igwa. 'Yata ta karɓi aikin ƙasa. Ƙyallaye kuwa na damƙa wa Alhaji mai albasa na Shagari, abokina tun muna samari, ya girme ni da shekara biyu. Ya sayi babbar waya ne don jin farashin albasa a Kudu, ni na cusa masa wasan. Mutum ne mai sanyin magana, kafin ya gama sallama wani ya gama gaisuwa, amma in ya kalli tutar da ke saman jirgi ya ce iska za ta juya, to za ta juya. Muka sa lokaci: bayan la'asar, mu tashi kafin magariba.

Watan farko nutsewa kawai muka yi ta yi. Da an fara harbi sai kowa ya hau magana, ni kuma muryata ta fi ta kowa. Ina yi wa Alhaji tsawa, ina yi wa mai walda tsawa. Wata rana ruwa ya cinye mu, na juya kan 'yata na ce me take yi a ƙasan, barci? Sai ta ce, "Baba, huji ukku, hannu biyu gare ni. Kai kak kai mu gaban igwarsu." Ta kashe wayarta. Sati guda ba ta shiga ba.

A wannan satin na zauna na yi ta juya maganarta, na ga gaskiyarta. Duk harsashin da ya same mu, ni na ajiye jirgin inda zai same shi. Na kira ta na ba ta haƙuri, abin da ban saba yi wa 'ya'yana ba. Da muka dawo na kafa doka: in an fara yaƙi baki biyu ne ke magana, Alhaji ya faɗi abin da ya gani, ni in faɗi abin da za a yi. Ita kuma kalma ɗaya za ta riƙa jefowa, inda ruwa ya kai mata: idon sawu, gwiwa, ko ƙirji. Ranar da ta ce ƙirji, ko muna gab da cin nasara za mu gudu. In an nutsar da mu kuma, ni zan fara faɗin kuskurena kafin kowa ya taɓa na wani.

Nawar sabis ma na daina zaginta, na auna ta. Na gane in na ƙirga ɗaya, biyu, sannan jirgin ke amsa umarnina, sai na koma juyawa tun kafin lokacin juyi. Mai walda ya koyi harba wurin da jirgin abokan gaba zai isa, ya bar wurin da yake ganinsa. Muka daina faɗa a fili, don a can masu sabis mai kyau ke zagaye mu kamar kare da jaki. Sai mu yi kamar mun tsorata, mu ruga tsakanin tsibirai biyu inda hanya ɗaya ce. In sun biyo mu, sai in ce "Saki!" Alhaji ya saki anga, ƙarfen nan mai nauyi da ke tsayar da jirgi, jirginmu ya wulwulo ya ba su gefe, igwa na kallon hancinsu. A matsatsi irin wannan ko harsashi ya makara sai ya sami katako.

Bayan ƙafata ta warke na koma shago, masu wasan na Arewa suka shirya gasa. Karawa uku ake yi, wanda ya ci biyu ya wuce. Na sa sunanmu, na kuma faɗa wa mai shiryawa cewa mu magariba na yi za mu tashi, ko ana tsakiyar me. Ya yarda, ina jin don bai zaci za mu daɗe ba. A dandalin da ake hira suka laƙaba mana "jirgin albasa". Muka fitar da jirgi biyu, dariyar ta ragu.

A zagayen kusa da ƙarshe aka haɗa mu da wasu samari daga Abuja. Karawar farko muka ja su zuwa matsatsi kamar yadda muka saba. Na ce, "Alhaji, rage!" Shiru. "Alhaji!" Shiru. Hadari ya taso a Shagari, sabis ɗinsa ya ɗauke, mutuminsa na tsaye a kan jirgi kamar gunki, ƙyallaye cike da iska. Muka daki dutse da gudu, suka zo suka ƙarasa mu suna ihu. Lokaci ya ƙure, aka ɗage sauran karawa biyu zuwa Lahadi.

Ranar Litinin da hantsi ina yanka wata shadda, mai walda ya tsallako titi ya zauna a bencina.

"Baba kyaftin, magana ag gare ni."

"Hwaɗi."

"Akwai wani abokina cikin birni, gidansu sabis ba shi yankewa, ga sauri. Lahadin ga kawai. In munka ci gasa, Alhaji shi dawo wurinai."

Na ajiye almakashi. Abin da ya faɗo mini a rai ba wasan ba ne, wani abu ne da ya faru ina ɗan shekara goma sha tara.

Zamanin Jamhuriya ta biyu ne. Kafin in koyi ɗinki na yi lebura a wani kamfani mai aikin hanya tsakanin Bodinga da Shagari, muna zuba kwalbati. A ƙungiyarmu akwai wani dattijo mutumin ƙauyen Mandera, shi ya koya mini kwaɓa siminti, shi ya nuna mini yadda ake ɗaukar kwano ba a ji wa baya ciwo ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi ba ƙarfi kamar dā. A lokacin ƙasa ta fara shiga matsi, ko'ina maganar tsuke bakin aljihu ake, kamfani ya ce a rage mutane. Heluma, wato shugaban leburori, ya kira ni a gaban dattijon, ya ce, "Kai, kana iya haɗa aikinka da nashi?" Na ce ina iyawa. Dattijon ya kakkaɓe hularsa, ya saɓa shebur ɗinsa, ya dube ni ya ce, "Allah shi ba ka sa'a, ɗana." Ba a yi wata uku ba kamfanin ya kwashe motocinsa ya bar mu duka, hanyar ma ba a gama ba. Daga baya, lokacin da ake layin shinkafa da sabulu, na gan shi a layi a Shagari. Shi ya fara gaishe ni, har da tambayar mahaifiyata. Na kasa haɗa ido da shi. Na yi ta cewa zan je Mandera in same shi, har na ji labarin rasuwarsa.

Ban ba mai walda wannan labari ba. Na dai ce masa, "Ba ni sauke Alhaji."

"Baba, wasa na hwa."

"In wasa na, mi ad damuwarka in anka ci mu?"

Ya miƙe tsaye. "Mun sha wahala kahin mu kawo nan. In haka na, a nemi wani mai igwa."

Na ce, "Igwa tana nan. In ka zo Lahadi taka ta. In ba ka zo ba, mu shiga mu ukku."

Ya koma shagonsa, ranar nan ƙarfe ya sha duka.

Laraba na rufe shago, na ɗauki sandata na hau bas zuwa Shagari. Na sami Alhaji a rumfar albasarsa yana tsince waɗanda suka fara ruɓa. Ko ruwa ban gama sha ba ya ce, "Tela, sa wani. Na san ni nik kashe ku."

Na ce, "Ban biyo hanyar ga da gurguwar ƙahwa don in ji wagga magana ba. Tashi, ɗauko wayarka."

Muka fita, tsofaffi biyu, ɗaya na ɗingishi, ɗaya na ɗage da waya sama, muna zagaye unguwa muna duba inda sabis ya fi ƙarfi. Mata na leƙenmu ta kan katanga. Wani mai shayi ya tambaya ko wani abu ya ɓace mana. A ƙarshe muka samu a kan wani tudu bayan rumfunan albasa, gindin wata tsamiya. Alhaji ya sa aka kai masa benci can.

Duk da haka ban amince wa tudun ba, don hadari ba ya shawara da kowa. A gindin tsamiyar muka tsara abin da za mu yi in ya sake ɗaukewa. Kafin mu shiga matsatsi zai riƙa sauke rabin ƙyalle tun da wuri, ko ya daskare ba za mu kasance da gudun da zai kashe mu ba. Kuma ba zai riƙa yin shiru ba: ko ba abin faɗa, ya riƙa cewa "ina nan, ina nan". Da 'yata ta ji muryarsa ta ɓace, ba sai ta jira umarnina ba, ta hau sama ta karɓi ƙyallaye. Alhamis da Juma'a muka yi ta gwadawa mu uku, Alhaji na yin shiru da gangan. Ranar Asabar muna cikin gwaji sai ga mutum na huɗu ya bayyana a jirgi. Bai yi sallama ba, bai ba da haƙuri ba.

"Igwar dama ko ta hagu?" in ji mai walda.

Na ce, "Hagu." Muka ci gaba.

Lahadi ta zo. Na jawo ƙofar shago, na zauna a kan tabarma na jingina da keken ɗinki. Karawa ta biyu ba ta ba mu wuya ba. Samarin sun raina mu, suka biyo mu matsatsi da gudu, na ce "Saki!", jirgi ya wulwulo, mai walda ya zuba musu uku a jere. Kafin su gane gabas sun nutse.

A ta uku suka shigo da hankali. Suka tsaya daga bakin matsatsi suna harbi, harsashi biyu suka same mu. 'Yata ta ce, "Idon sawu." Alhaji na ta "ina nan, ina nan, suna matsowa ta dama, ina n..." Sai ɗif.

Na ji takun 'yata a kan matakala, ta hau sama kamar yadda muka tsara. Amma akwai abin da ban lissafa ba: huji biyu a ƙasa, ba kowa wurinsu. Jirgin ya fara nauyi a hannuna. Mai walda ya ce, "Baba, muna cika!" Na duba, in na tura ta ƙasa ba mai juya ƙyalle, in na bar ta ruwa ya ci mu. Sai na ce ta saki anga. Jirgi ya tsaya cik da gefensa a bakin hanya. Na ce wa mai walda, "Harbi naka na, kak ka jira ni." Na bar sitiyari, na sauka ƙasa da kaina. Ruwa ya wuce gwiwa. Ban taɓa yin aikin ba, na buga katako a huji ɗaya ya zame, na sake bugawa. Ina jin igwarmu na tashi a sama, ina jin tasu na amsawa. A nan na san irin abin da yarinyar nan ke sha duk lokacin da nake can sama ina ba da umarni.

Sai ga wata murya a kunnena, a natse kamar mai shigowa zaure: "Salamu alaikum. Ina muke?"

Mai walda ya yi wata irin ƙara. Alhaji bai kula shi ba. Ya ce, "Tela, sandar ƙyallensu ta karye, ba su iya juyawa. Iska na bayanmu. Ja anga mu zagaya ta gindinsu."

'Yata ta sauko ta karɓe ni, na koma sitiyari. Muka zagaya ta bayansu inda ba su da igwa ko ɗaya, mai walda ya yi ta ɗirka musu har jirginsu ya kwanta. Na ɗaga kai na ga masu shagunan layinmu sun cika bakin ƙofa suna leƙe, ashe ihuna ya kai titi.

Wasan ƙarshe kuwa an ci mu, biyu ba ko ɗaya. Waɗanda muka haɗu da su sun kalli duk karawarmu, suka ƙi shiga matsatsi, suka tsaya a fili suna jira. Sabis ɗin Alhaji bai ko girgiza ba ranar. Ni ne haƙurina ya ƙare, na fita na same su, sau biyu. Da muka nutse karo na biyu na ce, "Wanga nawa na. Ku kun yi aikinku." Mai walda ya ce shi ma ya zubar da harsashi huɗu a ruwa. Alhaji ya ce a tashi, an kusa kiran salla.

Bayan sati biyu mai shirya gasar ya sanar cewa daga yanzu sai an gwada sabis ɗin kowane ɗan wasa, wanda nasa ke da nawa ba zai shiga ba, wai muna ɓata wa mutane lokaci. Ban iya dogon rubutu a waya ba, sai na danna na yi magana da bakina, da Hausarmu ta nan, ban gyara ko kalma ɗaya ba. Na ce da wannan sabis ɗin muka zo na biyu, duk wanda ke ganin nawarmu ta cuce shi ya fito ya faɗi a wace karawa. Na ce ba mu muka kafa ƙarfen sabis a garuruwanmu ba, kuma in gasar ta 'yan birni ce kaɗai, a rubuta haka a samanta kowa ya gani.

Na zaci ni kaɗai ne. Kafin la'asar saƙonni sun cika dandalin, daga garuruwan da ban taɓa sanin ana wasan a cikinsu ba, wasu ma sun ce sun daɗe suna kallo suna tsoron sa suna. Kyaftin ɗin samarin Abuja da muka fitar ya ce shi ma bai yarda da dokar ba. Aka janye ta.

Gasar da ta biyo baya jirage sun ninka. A zagaye na biyu aka fitar da mu. Wasu manoma huɗu ne daga wani ƙauye a Kabi, sabis ɗinsu ya fi namu muni. Suka yi kamar sun tsorata, suka ruga tsakanin tsibirai biyu, ni kuma na bi su.